Bulon Gadon Baba

Gidanmu ne na ƙarshe a layi, can ƙasan gangare, daga bayan katangarmu sai babbar magudanar ruwa. Da rani magudanar nan juji ce, ba komai cikinta sai ledoji da tsofaffin takalma da awaki. Da damina kuwa takan cika ta tumbatsa, ta shigo mana ba sallama, ta zauna a tsakar gida har sai ta gaji don kanta. Kowane gida a layin yana da zane a jikin bango, layi mai ruwan ƙasa, inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. Namu ya kai mini ƙugu.

Da zanen nan muke aiki. Hadarin farko na tasowa, mazan layi za su bi gida-gida suna ɗaga kaya, firiji bisa tebur, buhuna bisa benci, gadaje bisa bulo. A gidanmu babban aikin shi ne gadon Baba. Baba mahaifina ne, tsohon direban babbar mota, ƙato mai ƙashi, wanda ko bayan ciwo ya ci shi sai maza sun taru suke iya ɗaga shi. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, ta tafi da maganarsa. Hannun hagu kaɗai ke motsi, da shi yake buga kofin ƙarfe a jikin gado in yana son wani abu. Maigidana, wanda kowa ke kira Mai Fenti, shi ya je ya ɗauko shi ya kawo shi gidanmu ban ko roƙa ba, kuma shi yake jera bulon da hannunsa, uku-uku a ƙarƙashin kowace ƙafa, har katifa ta haye zanen da taƙi guda. Ni kuma in taka benci in ba shi abinci.

“Baba, an koma kan sitiyari ke nan,” in ji shi duk shekara. “A ja mu a hankali, akwai mata a mota.”

Baba ya yi dariyarsa ta gefen baki, ya buga kofi.

Bana ma an ɗaga gadon da wuri. Ina kan keken ɗinki wata safiya na ji a rediyo cewa majalisar jiha ta yi doka, an ware wa jami'a kuɗi ta binciki yadda unguwanni za su jure wa ambaliya da zafi, tunda yanayi ya rikice. Na ce to, Allah ya sa alheri, na ci gaba da ɗinkina. Ba a jima ba aka ce 'yan jami'ar za su fara da unguwannin bakin magudana. Wallahi a ranar ko abincin rana wasu ba su ci ba.

Kada a ce mu mahaukata ne. Muna da dalili, kuma dalilin yana nan tsallaken magudana, in ka leƙa ta katangarmu za ka gan shi. Fili ne fetal, ciyawa da karyayyun bulo. Da unguwa ce. Su ma haka aka zo musu, da igiyar awo da fara'a, aka ce a nuna inda ruwa ke kaiwa, bayin Allah suka nuna. Bayan damina aka dawo da jan fenti, bayan jan fenti katafila da 'yan sanda da jiniya. Muna tsaye muna kallo wata tsohuwa ta zauna a kan katifarta a tsakiyar titi har rana ta faɗi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ciyaman ɗin layinmu, mai shagon kayan gini a bakin titi, ya tara maza a ƙofar gidansa. Ba mugu ba ne, amma in ya tsorata sai ya koma faɗa. Ta taga nake jiyo shi.

“Bincike! Waɗancan ma bincike aka ce musu. Ku saurare ni da kyau. A layin nan ruwa bai taɓa shiga gidan kowa ba. Kun ji? Bai taɓa ba. Mai Fenti, ka shafe mana zanen nan kaf, ciki da waje. Duk abin da aka ɗora bisa bulo a sauke shi. Mutanen nan ba wawaye ba ne, suna ganin gado a sama sun gane.”

Maigida ya yi kwanaki yana fenti, tun safe har magariba, ya dawo fari tas har cikin gira. Layinmu ya yi kyau kamar na masu hali. Gidanmu aka bari ƙarshe. Da maza suka shigo ɗakin Baba suka kama gadon, na tsaya a bakin ƙofa.

“Baban yara, wannan kam a bar shi.”

“Kwana nawa ne? Su zo su wuce, mu mayar.”

“Damina ce fa.”

“Na san damina ce. Ke kin fi son a zuba mana Baba a titi bisa katifa?”

Tsohuwar nan ta tsallake ta faɗo mini a rai, na kauce daga bakin ƙofa. Suka sauke gadon, suka kwashe bulon suka jera a bayan kicin, suka rufe da tsohuwar tabarma. Tun da suka fara Baba yake buga kofi. Ya buga, ya buga, har ruwan ciki ya zube masa a ƙirji. Na ba shi ruwa, ya kau da kai. Na gyara masa filo, ya ci gaba. Idonsa na kan farin bangon, daidai inda zanen yake da.

'Yan jami'ar suka zo da hantsi. Shugabarsu mace ce, 'yar ƙarama, da hular rana da takalmin roba, ɗalibanta na ce mata Dakta. Ciyaman ya manne mata gida-gida kamar ƙaya a zane. Da ta shigo gidanmu ta gaishe ni, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baba, sannan ta shaƙi iska ta dubi bango.

“Layin nan kowa ya yi sabon fenti,” ta ce.

“Mu masu tsabta ne, ranki ya daɗe,” in ji Ciyaman.

“Na gani. Yaya, ruwa na shigo muku?”

Ni take tambaya, amma shi ya amsa. “Ruwa sai na famfo, shi ma ba kullum ba.”

Sai ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce suna kafa na'urar gargaɗi a bakin magudana, in ruwa ya taso daga sama sai ta yi kuka tun kafin ya iso, a koya wa mutane abin da za su yi, a kuma san gidajen da ke da marasa lafiya a fara da su. Amma dokar ta ce ba a kafa komai sai inda jama'a suka yarda, suka kuma nuna akwai buƙata.

Bakina ya kufce mini. “Dakta, in kun gama, ba za a rushe mu ba?”

Da ta yi mini ƙarya, da na ji daɗi. Ba ta yi ba.

“Ni ba rusau na zo ba, kuma dokar ba ta ce a rushe kowa ba. Amma abin da zan rubuta, ba ni kaɗai zan karanta shi ba. Ba zan yi miki rantsuwa a kan abin da ba a hannuna yake ba.”

Duk da haka na ce, “Tsohon nan ba ya iya tashi, in wani abu ya...”

“Matar Mai Fenti,” Ciyaman ya katse ni, “kamar wani abu na ƙonewa a kicin ɗinki.”

Ba abin da ke kan wuta, shi ma ya sani. Baba ya fara buga kofi. Dakta ta dube shi, ta dubi ƙafafun gadon, inda bulo ya bar shaidarsa a siminti, murabba'i huɗu da suka fi sauran wurin haske. Na tabbata ta gani. Ta ce za a yi taro a makarantar firamare a gwada wa mutane kukan na'urar, kowa ya zo, ko bai yarda ba. Ta ce kuma za ta riƙa leƙo mu, ba sai ta sanar ba.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kashe mu. Tunda za ta iya dawowa kowace rana, Ciyaman ya ce bulo ya zauna inda yake. Taron makaranta kuwa ya ce duk wanda ya je, shi ya sayar da layi. Ba wanda ya je. Ni ma matan layi suka ɗauke mini wuta saboda rabin maganar da na yi, har mai kawo mini ɗinkin yaranta ta aiko a karɓe mata yadinta.

Daga nan ban ƙara samun natsuwa ba. Iska ta kaɗa labule, gabana ya faɗi. Gajimare ya gitta, in bar keke in fita in duba magudana. Da, in ruwa ya fara shigowa, ina duban zanen bango in san saura nawa. Yanzu bango fari fat, ba ya gaya mini komai. Kullum in ce wa maigida, “Bulon nan fa.” Kullum ya ce, “Gobe in Allah ya kai mu, bari in ga Ciyaman.” Ba rashin tausayi ba ne. Na sha kama shi a bayan kicin ya ɗaga tabarmar yana kallon bulon, sai ya mayar ya rufe.

Ranar da abin ya faru yayyafi kawai aka yi a wajenmu, ko ƙasa bai jiƙa sosai ba. Baƙin hadarin can sama da gari ya tsaya tun safe, yana ta zuba a inda ba ma gani. Yara suna makaranta. Bayan azahar ina yi wa Baba aski sai muka ji jiniya daga sama, doguwa, ba ta tsayawa.

Kafin in ajiye reza na ji muryar Ciyaman a waje.

“Sun zo! Jama'a sun zo! Katafila! Kowa ya fito bakin titi!”

Layi ya hargitse. Maza da sanduna da tayoyi, mata da goyo suna salati, kowa ya yi sama, wajen babban titi, a tare hanya. Maigida ya fito da gudu yana saka riga. Na riƙe shi.

“Tsaya. Anya ba na'urar Dakta ba ce? Unguwar sama sun yarda an kafa musu.”

“Ke kin taɓa jin kukanta?”

“A'a.”

“To ni na taɓa jin wannan. Ranar tsallake irinta aka yi. Kulle ƙofa, kada ki buɗe wa kowa.”

Ya fizge ya tafi. Na kulle. Layi ya yi tsit, sai jiniyar can nesa, sai kofin Baba. Sannan na ji wani sauti daga bayan katanga, kamar ana juye tifar tsakuwa ba a gamawa. Na taka bokiti na leƙa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Magudanar da na gani da safe rabi, ta cika har baki, ja wur, tana tafe da itatuwa da durom da wata akuya ƙafafu sama.

Kafin in sauko daga bokitin ruwa ya ɓullo ta ramin wanka. Na ruga ƙofar gida na buɗe don in yi ihu, sai ya shigo ta can ma, ya buge ni a gwiwa. Na yi ihu har maƙogwarona ya tsage. Wa zai ji? Duk suna bakin titi suna jiran katafila.

Na yi bayan kicin, na ɗauko bulo ɗaya, na kawo ɗaki. Sai da na ajiye shi na ga haukana. Wa zai ɗaga gadon? Na sa kafaɗa na gwada, ko gezau. Na kama Baba ta hammata in ja shi waje, sai na tuna tsakar gida ta fi ɗakin zurfi. Ruwa ya kai ƙarfen gado, ya taɓa katifa, katifa ta fara sha. Sanyinsa kamar na firiji, ga wari, ga abubuwa na gogar ƙafata ban san ko mene ne ba.

“Baba, yi haƙuri, zan zaunar da kai.”

Na hau gadon ta bayansa, na durƙusa, na tura shi da ƙirjina har ya zauna, na sarƙe hannuwana a ƙirjinsa. Kansa yana faɗowa gefen da ya shanye. In tallafe shi da haɓata, ya sake zamewa. Ruwa ya rufe masa cinya, ya kai cibiya. Kofin ya kuɓuce masa ya yi ta yawo a ɗaki tare da filo da kwalaben magani. Tunda babu kofi sai ya koma buga hannuna da yatsunsa.

Tsoro iri-iri ne, amma ban taɓa sanin irin wannan ba. Ina ta kallon bango ina neman zanen, in san ko ruwan ya kusa tsayawa inda ya saba. Babu. Fari ne kawai, ruwa na hawansa. Na karanta duk addu'ar da na iya, na koma kiran uwata da ta daɗe a ƙasa. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya rufe hannuwana. Na ji bugun zuciyarsa a tafina, da sauri kamar na ɗan tsako. Da ya kai wuya na yunƙura in ɗaga shi sama, gwiwata ta zame a katifa, muka nutse tare. Na lalubo rigarsa na fizgo shi. Ya fito yana tari, baƙin ruwa na fita ta hancinsa. Haka ya faru har sau nawa, ban sani ba. Na dai san na daina jin hannuwana, na koma riƙe wuyan rigarsa da haƙori.

A daidai haɓarsa ruwan ya tsaya. Ya tsaya, bai hau ba, bai sauka ba, ni kuma ina ɗage masa kai kamar mai ba jariri magani.

A haka maigida ya same mu. A bakin titi ne wani mai babur daga unguwar sama ya ce musu, “Ku me kuke yi a nan? Ba ku ji gargaɗin ruwa ba? Mu tun ɗazu muka kwashe tsofaffinmu.” Maigida ya ce bai san yadda ya gangaro ba. Ya shigo ruwa iya ƙugunsa, maza na biye da shi da tsanin fentinsa, suka ɗora Baba a kai suka fita da shi. Sai da suka ɓamɓare ni daga rigar.

Baba bai mutu a ruwa ba. A asibiti ya cika bayan 'yan kwanaki, ƙirjinsa ya cika da abin da ya shaƙa. Likita ya ce jikin ya tsufa, ga sanyi, ga datti. Ina riƙe da hannunsa na hagu har ya daina buga nawa.

Ana cikin zaman makoki Ciyaman ya zo. Ya rame, idonsa ya faɗa, shi ma rabin kayan shagonsa da ya ajiye a gida sun tafi. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ja maigida gefe, kusa da tagar da nake zaune. Ya rage murya, amma na ji.

“Haƙuri za a yi, kwana ne ya ƙare. Sai dai ka ga sabon zanen nan, a kan farin fenti ya fi na da fitowa. An ce matar nan za ta dawo. In ka ɗan samu sarari...”

Na miƙe in fita in wanke shi tas, makoki ko ba makoki ba. Ban kai ƙofa ba na ga maigida ya juya masa baya ya nufi bayan kicin. Ya yaye tabarmar. Ya ɗauko bulo biyu, ya wuce ta tsakiyar masu gaisuwa, ya shiga ɗakin Baba. Ya dawo ya ɗauki wasu. Gadon ba kowa a kai, ba katifa, don haka shi kaɗai ya ɗaga shi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya jera bulon uku-uku yadda ya saba.

Yana cikin haka Dakta ta yi sallama. Gaisuwa ta zo, ba igiyar awo a hannunta, ta sa mayafi, amma takalmin roban na nan. Na kama hannunta a gaban Ciyaman da matan layi, na kai ta ɗakin.

“Ga shi nan,” na ce. “Ki auna, ki rubuta, duk wanda zai karanta ya karanta. Ruwa yana shigo mana. Duk shekara yana shigo mana.”

Har a lokacin filin tsallake yana idona, kuma har yau ban san abin da rubutun nata zai jawo mana ba. Ta ce, “Allah ya jiƙansa, Yaya.”

Maigida bai ko dube mu ba. Ya gama jera bulon, ya tura gadon ya jingina da bango. Sabon zanen ya fito raɗau a kan fentinsa, ya zagaye ɗakin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen gadon, ya ƙara kaurin katifa da yatsunsa, sannan ya auna zuwa zanen, irin awon da yake yi duk shekara. Ya sake aunawa. Ya koma ɗaya gefen ya sake.

Zanen yana ƙasa. Da gadon na bisa bulonsa, ko zanin gadon ba zai jiƙe ba.

Ya zauna a kan bencin da nake takawa in ba Baba abinci, ya dubi hannuwansa. Har yanzu akwai farin fenti a gefen farcensa.